A Daina Dukan Yaran Yau da Waƙoƙin Shekarun 1990

Kwanan nan na koma kallon tsofaffin shirye-shiryen talabijin na jerin waƙoƙin da ke tashe, irin waɗanda ake ƙirgowa daga ƙasa har a iso kan waƙa ta ɗaya. Na fi zama a kan Top of the Pops na BBC, musamman na shekarun 1990, shekarun da kunnena ya buɗe. Na ji daɗin kallon ƙwarai. Abin da ke ɓata mini rai shi ne maganar da ke biyo baya duk lokacin da na tayar da zancen a cikin tsararrakina.

"Ai waƙa ta mutu tun 1999," in ji su. "Yaran yanzu hayaniya kawai suke saurare."

Ban yarda ba, kuma su waɗannan tsofaffin shirye-shiryen ne suka hana ni yarda. Duk wanda ya zauna ya kalli shiri guda daga farkonsa har ƙarshensa, ba gutsuren minti uku da wani ya yanko ya ɗora a YouTube ba, zai ga cewa shekarun 1990 cike suke da tarkacen waƙoƙi kamar kowane zamani. Akwai abin da muka rasa da gaske, zan kuma zo kansa. Amma ba daidai ba ne mu mayar da kewarmu sandar dukan yara.

Ga wanda bai san shirin ba: an fara Top of the Pops ranar 1 ga Janairu 1964, a wani tsohon coci da aka mayar ɗakin ɗaukar shiri a Manchester, aka ci gaba da yin sa kowane mako har watan Yuli 2006. Dokokinsa na asali ba su da yawa. Waƙar da ke gangarowa ƙasa a jadawali ba ta shiga. Waƙa ɗaya ba ta fitowa mako biyu a jere sai in ita ce ta ɗaya. Ta ɗayan kuma da ita ake rufe shirin. Tun 2011 tashar BBC Four take maimaita tsofaffin shirye-shiryen bi da bi, ta faro daga na 1976, a hankali har ta shigo na shekarun 1990.

Kalli shirin gaba ɗaya

Idan mutum ya ce waƙoƙin da sun fi na yanzu, tambaye shi waɗanne. Zai lissafo maka goma, ko ashirin in ya yi ƙoƙari: Whitney Houston, Mariah Carey, Boyz II Men, Michael Jackson, Nirvana, Lauryn Hill. Babu mai musun waɗannan. To amma jadawalin Birtaniya na kowane mako waƙa arba'in ake ƙirgawa, mako hamsin da biyu a shekara, shekara goma. Ina sauran?

Sauran suna nan cikin shirye-shiryen, ba su je ko'ina ba. Ga mawaƙin da ya fito sau ɗaya, cikin wando mai faɗin da zai ɗauki mutum biyu, yana maimaita layi guda a kan kiɗan na'ura har minti uku su cika. Ga samari huɗu da kamfani ya haɗa don kyawun fuska, suna zaune a kan dogayen kujeru, sai a baiti na ƙarshe su miƙe tare. Ga tsohuwar waƙar shekarun 1970 da aka sake yi ba tare da an ƙara mata komai ba. Waƙar da ta zo ta ɗaya a Birtaniya a Kirsimetin 1993 ta Mr Blobby ce, wani mutum cikin rigar roba mai ruwan hoda da ɗige-ɗige masu launin rawaya, wanda aikinsa a talabijin shi ne faɗuwa da ture mutane. Ita ta sha gaban Take That, ƙungiyar samarin da ta fi kowace tashe a ƙasar a lokacin. Jama'a ne suka fita da kuɗinsu suka saya.

Abin da ya faru shi ne lokaci ya yi mana shiƙa. Iska ta kwashe ƙaiƙayin, tsaba ta zauna a faifai, muka ɗauka haka aka girbe ta. Waƙoƙin yau kuwa ba a kai ga sheƙe su ba, muna jin su da ƙaiƙayinsu da komai. Wanda ya gwada zaɓaɓɓun waƙoƙin shekara goma da duk abin da ya fito a makon jiya, ya riga ya yanke hukunci kafin a fara shari'a.

"Amma su ai da muryarsu suke yi"

Wannan ita ce hujja ta biyu da nake yawan ji: wai mawaƙan da sun iya waƙa, na yanzu kuwa kwamfuta ce ke gyara musu murya.

Duba da kyau a cikin tsofaffin shirye-shiryen. Za ka ga jita babu wayar da ta haɗa ta da komai. Za ka ga makaɗin ganga yana ɗaga sanda sama bayan sautin ya riga ya fita. Za ka ga waƙa tana dusashewa a hankali a ƙarshe, yadda take yi a faifai, mawaƙin na tsaye yana motsa leɓe bai san inda zai sa hannunsa ba. Mafi yawan tarihin Top of the Pops mamin ake yi, kowa kuma ya sani.

A ƙarshen 1991 masu shirin suka ce dole mawaƙi ya rera da bakinsa, ko da kiɗan naɗaɗɗe ne. Nan aka ga waɗanda suka iya da waɗanda situdiyo ke rufa wa asiri, ba a kuma daɗe ba aka sassauta dokar. A wannan lokacin ne Nirvana suka zo: Kurt Cobain ya saukar da muryarsa ƙasa da gangan, yana shafa jitar ba ya kaɗawa, mai ganga na dukan iska, don su nuna ba su yarda da tsarin ba. A 1995 'yan'uwan nan biyu na Oasis suka yi musanya, Noel ya tsaya gaban makirufo yana mamin ɗin muryar Liam, shi kuma Liam ya rataya jita.

Shekarun ma da abin kunya suka buɗe. A watan Nuwamba 1990 aka ƙwace kyautar Grammy daga hannun Milli Vanilli, bayan furodusansu Frank Farian ya fito ya ce ko layi ɗaya samarin biyu ba su rera ba a faifan da aka sayar da miliyoyinsa. Na'urar gyaran murya ta Auto-Tune da ake zagin yaran yanzu a kanta, a 1997 ta fito, kuma waƙar Cher ta 1998 ce ta sa duniya ta san sautinta. Tamu ce, mu muka gadar musu.

Ban ce babu masu murya a da ba. Akwai, har da waɗanda samun irinsu sai an tona. Yau ma akwai su, kuma yau ɗin ya fi wuya mutum ya ɓoye rashin iyawarsa, don duk inda ya hau dandamali wayoyi dubu suna ɗaukarsa.

"Jadawalin da shi ne na gaskiya"

A nan masu kewa suna da 'yar hujja, zan ba su abinsu. Wanda ya tashi ya je shago ya sayi faifai ya nuna so fiye da wanda waƙa ta shigo masa cikin jerin da manhaja ta tsara, ya bar ta tana yi yana wani aikin. Lissafin yanzu yana da matsalolinsa. Birtaniya ta fara sa sauraron intanet cikin ƙidaya a 2014, zuwa watan Maris 2017 Ed Sheeran shi kaɗai ya riƙe gurbi 16 cikin 20 na sama, har sai da aka kafa dokar cewa mawaƙi ɗaya ba zai wuce waƙa uku a jadawali ba.

Sai dai na da ɗin ma ba tsarkakakke ba ne. A Amurka, kafin 1991, mujallar Billboard tambayar masu shaguna take yi me ya fi fita, su faɗi abin da suka ga dama, ko abin da kamfanonin faifai suka lallaɓa su su faɗa. Da aka kawo tsarin SoundScan a watan Mayu na shekarar, wanda ke ƙirga kowane faifai a daidai lokacin da aka sayar da shi, sai jadawalin ya juye. Cikin 'yan makonni faifan ƙungiyar rap ta N.W.A ya hau na ɗaya, kafin shekara ta ƙare na Garth Brooks, mai waƙoƙin mutanen karkara, ya shigo kai tsaye a na ɗaya. Ashe waƙoƙin rap na baƙaƙen fata da waƙoƙin mutanen karkara sun daɗe suna fita kasuwa, masu ba da rahoto ne ba sa ganin darajarsu.

Ko bayan nan, har zuwa Disamba 1998 waƙar da ba a fitar da ita a faifai ita kaɗai ba ba ta shiga Hot 100, babban jadawalin waƙoƙi na Billboard, komai tashenta. Kamfanoni suka riƙa hana fitar da su don a tilasta wa mutum sayen kundin gaba ɗaya. Shi ya sa waƙar No Doubt, "Don't Speak", ta yi mako 16 tana kan gaba a gidajen rediyon Amurka amma ko sau ɗaya ba ta leƙa jadawalin ba.

A Birtaniya kuwa dabarar daban ce. Ana ba gidajen rediyo waƙa makonni kafin ta fito, a karya farashinta a makon farko, a fitar da ita kala biyu don masoyi ya saya duka. Waƙa sai ta faɗo a ta ɗaya, mako na gaba ta gangara. A shekarar 2000 waƙoƙi fiye da 40 ne suka ɗanɗana matsayi na ɗaya. Wannan aikin 'yan kasuwa ne tsantsa.

Abin da ya tafi

Yanzu ga abin da ni ma nake kewa, kuma ina ganin shi ne ke cikin zuciyar yawancinmu ko da bakinmu yana faɗin wani abu dabam.

Jira. Shirin yana da rana, yana da lokaci, in ka makara ya wuce ka ke nan. Mutum yakan zauna gaban talabijin da yatsa a kan maɓallin naɗa na bidiyo, yana addu'ar kada mai gabatarwa ya yi surutu a kan farkon waƙar. Ana ƙirgowa daga ƙasa, hotunan mawaƙa na wucewa ɗaya bayan ɗaya, duk lambar da aka wuce ba a kira taka ba sai gabanka ya faɗi: ko ta hau sama sosai, ko ta fita gaba ɗaya. Wanda ya taso da waƙa miliyan ɗari a aljihunsa bai san wannan faɗuwar gaban ba, ba kuma laifinsa ba ne.

Sai tarayya. A shekarun 1970 mutum kimanin miliyan 15 ke kallon Top of the Pops a dare ɗaya. Uba na zaune yana gunaguni a kan askin mawaƙi, 'yarsa na ce masa ya yi shiru, washegari a makaranta da wurin aiki zancen ɗaya ne. A watan Agusta 1995 Blur da Oasis suka fitar da waƙoƙinsu rana ɗaya, gasar ta kai har labaran dare na BBC suka ɗauka. Blur ta sayar da kwafi kusan 274,000 a makon, Oasis 216,000. Ko wanda bai damu da ɗayansu ba ya san ana yi. A 1991 waƙar Bryan Adams ta yi mako 16 a jere tana ta ɗaya, har mutane suka gaji, amma gajiyar ma tare aka yi ta. A Amurka, daga 1998 shirin Total Request Live na MTV ya riƙa tara matasa a titin Times Square na New York kowace yamma, suna ɗaga kwalaye suna ihu wajen tagar situdiyo, alhali bidiyo goma kacal za a nuna, waɗansu ma ba za a kai ƙarshensu ba.

Abu na uku shi ne ya fi muhimmanci a wurina. Shirin yana tilasta maka jin abin da ba kai ka zaɓa ba. Kafin a iso kan waƙarka, sai ka haƙura ka ji wasu shida ko bakwai da babu abin da ya haɗa su sai cewa mutane sun saye su a wannan makon. Cikin rabin awa za ka ga masu kiɗan rock da dogon gashi, ka ga Shaggy da salon Jamaika, ka ga dattijo cikin kwat yana rera waƙar soyayya, ka ga masu kiɗan rawa na Jamus ko Italiya. A 1992 Dr Alban, ɗan Najeriyar da ya je Suwidin karatun likitan haƙori, ya kai na biyu a Birtaniya. A 1994 Youssou N'Dour na Senegal da Neneh Cherry suka kai na uku da waƙar da aka rera da Wolof da Faransanci da Turanci. Yaron da ya zauna jiran Take That ya ji Wolof ba da niyya ba, wataƙila kuma ya so shi.

Manhajar yau ba ta yin haka. Tana lura da abin da ka saurara jiya ta kawo maka ɗan'uwansa yau. Tana faranta maka, tana kuma rufe ka a ɗaki ɗaya. Wannan asara ce ta gaske, kuma ta shafi ɗan shekara hamsin kamar yadda ta shafi ɗan sha biyar. Yawancin masu cewa waƙa ta mutu, in ka duba wayarsu, waƙoƙin nan talatin na ƙuruciyarsu ne ke ta juyawa. Yaushe rabonsu da su zauna su saurari sabon abu har ƙarshensa?

Kada kuma a ce yara ne suka kashe Top of the Pops. Tun 1996 BBC ta ɗauke shi daga Alhamis ta kai shi Juma'a, daga baya ta haɗa shi lokaci ɗaya da wasan kwaikwayon Coronation Street na ITV. Tashoshin bidiyon waƙa na awa 24 suka yawaita, Napster na musayar waƙoƙi ta intanet ya zo a 1999, YouTube a 2005. Mu da muka taso da shirin mu ne muka fara juya masa baya da muka samu hanyar jin abin da muke so a lokacin da muke so.

Laifi ne mutum ya yi kewa?

Ko kaɗan. Masana halayyar ɗan'adam sun daɗe da lura cewa abubuwan da suka faru da mutum tsakanin shekara goma zuwa talatin su ne suka fi zama a ƙwaƙwalwarsa, waƙa kuwa tana daga cikin abubuwan da suka fi saurin taso da su. Idan waƙar 1996 ta sa ka hawaye, ba ƙarya kake yi ba. Kana jin muryar mawaƙin, kana kuma jin ɗakin da ka fara jin ta, da mutanen da ke ɗakin, waɗansu sun rasu. Hausawa sun ce wanda ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, amma wani lokacin mutum yana tuna bara don kawai a cikinta ya bar mutanensa.

Inda nake ja shi ne inda kewa ta hana mutum gani. Jimmy Savile ne ya gabatar da shirin Top of the Pops na farko a 1964, yana kuma cikin waɗanda suka rufe na ƙarshe a 2006. Bayan mutuwarsa a 2011 aka gano ya shafe shekaru yana lalata da yara da mata, binciken Dame Janet Smith na 2016 kuma ya tabbatar da cewa wasu daga cikin abubuwan sun faru ne a kewayen wannan shirin. R. Kelly, wanda waƙoƙinsa suka cika jadawalin shekarun 1990, a 2022 aka yanke masa ɗaurin shekara 30 kan laifukan lalata. Duk wanda zai ce mana zamanin da ya fi tarbiyya, to ya haɗa da wannan a lissafinsa. Yaran da ke rawa a gaban kyamara a waɗancan shirye-shiryen ba duka ne suka koma gida da farin ciki ba.

Sannan a sani kewa haja ce. Akwai masu sayar mana da ita: tsofaffin ƙungiyoyi na sake haɗuwa, ana sake buga tsofaffin faifai cikin sabon kwali. Da Oasis suka sanar da dawowarsu a 2024, yadda farashin tikiti ya riƙa hawa mutane na kan layi ya sa hukumar kula da gasar kasuwanci ta Birtaniya ta buɗe bincike. Mai son zuwa ya je, kuɗinsa ne. Amma ya san cewa wanda ke ce masa "babu kamar zamaninku" sau da yawa yana da abin sayarwa a hannu.

Yaran da muke zagi kuwa sun fi mu buɗaɗɗen kunne. A 2022 su ne suka ɗauko waƙar Kate Bush ta 1985, bayan sun ji ta a wani shirin Netflix, suka kai ta ta ɗaya a Birtaniya, matsayin da ba ta samu ba a hannun iyayensu. Waƙar Kirsimetin Mariah Carey ta 1994 sai a 2019 ta zama ta ɗaya a Amurka. Suna sauraren namu ba tare da raini ba. Mu nawa ne ke yi wa nasu haka?

A bar mana shirye-shiryen yadda suke

Roƙona ga masu riƙe da waɗannan kaset-kaset shi ne su fitar da su cikakku, da tarkacen da komai. Shirin "fitattun waƙoƙin shekarun 1990" da aka tsince yana ƙara wa mutane ruɗin da nake magana a kai. Cikakken shiri na wani mako a 1994 shi ke nuna abin da mutane suka saya, abin da suka sa a jikinsu, yadda suke rawa, wa aka gayyata, wa aka bari a waje. Na fahimci dalilin da ya sa BBC ba ta maimaita shirye-shiryen da Savile ya gabatar, na kuma goyi baya, don waɗanda ya cuta suna raye. Amma a adana su inda masu bincike za su iya gani.

An taɓa yin sakaci da wannan. A shekarun 1960 da farkon 1970 BBC ta riƙa goge kaset tana sake naɗa wani abu a kai don tsimi, har mafi yawan shirye-shiryen farko na Top of the Pops suka salwanta. Zuwan da Beatles suka yi situdiyon shirin da kansu a 1966 yana cikin abin da aka goge, sai 'yan daƙiƙoƙi marasa sauti da masu kallo suka ɗauka daga fuskar talabijin a gida. Wasan da David Bowie ya yi a Janairu 1973 an ɗauka ya ɓata har abada, sai a 2011 aka gano mai ɗaukar hoton shirin, John Henshall, ya ajiye kwafi a wajensa kusan shekara arba'in. Gidajen talabijin da yawa a duniya sun yi irin waɗannan shirye-shiryen na ƙirga waƙoƙi, kuma kaset ɗin bidiyo ba ya jiran kowa, yana lalacewa a ajiye ko an taɓa shi ko ba a taɓa ba. Wanda ke da su a kwali, gidan talabijin ne ko mutum ne a gidansa, ya mayar da su kwamfuta tun suna kunnuwa.